Laftof 40 a shago, data ta ƙare: yaya ake kafa rumbun manhajoji na gida?

Ɗan Otigba:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni a harkar Linux. Wata Hajiya mai makaranta a Agege ta sayo laftof 40 'yan tokumbo, ta kawo mini su shago nan Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, tana so in shirya su kafin yara su dawo daga hutu. Duka Core i5 ne, ƙarni na 6 da na 7. Kun san Windows 11 ba ta karɓar irin waɗannan a hukumance, ita kuwa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025 aka rufe tallafinta. Na zauna da Hajiya na yi mata bayani, ta ce in dai yara za su koyi buga rubutu da lissafi a jadawali da shiga intanet, ba ruwanta da sunan abin da ke ciki. Sai na zaɓi Debian 13, nau'in Linux da ake wa laƙabi da trixie, da fuskar allo ta Xfce.

Ga inda gizo ke saƙar. Na yi guda uku da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kowace sai ta sake sauke LibreOffice da Firefox da sauran kaya tun daga farko. Kafin la'asar datar da na saya ta wata guda ta yi rabi. Sai na ce bari in haɗa imej ɗaya, wato fayil guda mai ɗauke da tsarin gaba ɗaya da ake girkawa daga shi, da manhajar live-build, in zuba komai a ciki, in ɗora a filashi. Sau huɗu ina ginawa, kowane karo da kuskuren da nake ganowa, kowane karo kuma sai ya sake janyo komai daga waje. Yanzu data ta ƙare ƙurmus, imej bai kammalu ba. Na ji ana cewa mutum yana iya kafa rumbun manhajoji nasa a cikin shago ya riƙa ɗiba daga nan. Yaya ake yi? Ina da tsohuwar desktof mai faifai terabait 1 da ke ajiye ba aiki.

Bazazzagi a Ikeja:
Wa alaikumus salam. Gyara guda ɗaya ta yi tsaf, ka ɗauki hotonta, wato kwafin faifanta gaba ɗaya, da Clonezilla, ka buga wa sauran 39. Da suwic da wayoyi za ka iya yi wa goma lokaci guda. Ba sai ka kafa komai ba.

Ɗan Otigba:
Yaya, na yi wannan tunanin. Faifan ne ba girmansu ɗaya ba, wasu 128, wasu 256, wasu tsohon faifai mai juyawa na 500. Kuma Hajiya ta ce zango mai zuwa za ta ƙaro wasu, ban san ƙirar da za ta samo ba.

Bazazzagi a Ikeja:
To ka ɗauki hoton daga mafi ƙanƙanta, zai hau kan manya. Amma ka tuna ka goge /etc/machine-id da makullan SSH, ka canza wa kowace suna, in ba haka ba duka 40 za su shiga netwok da shaida iri ɗaya. Maganar zango mai zuwa kam ka fi ni gaskiya, hoto tsufa yake yi.

Injiniyan Yaba:
Ƙanena, kafin komai, tsakanin gini da gini wane umarni kake bugawa don sharewa?

Ɗan Otigba:
lb clean --purge, ranka ya daɗe. Haka na gani a wani bayani.

Injiniyan Yaba:
To nan datarka ta tafi. Shi live-build da kansa yana tara ƙunshin manhajojin da ya sauke a wani folda mai suna cache. In ka ce lb clean kawai, zai share ginin ya bar abin da ya tara. Wannan kalmar purge da kake ƙarawa ita ke cewa a haɗa da rumbun a ƙone. Daina ta tukuna, ka rage rabin matsalarka.

Yanzu ga amsar tambayarka. In mutane suka ce rumbun gida, abu uku suke haɗawa wuri ɗaya, kuma rashin rarrabe su ne ke sa a yi asarar kuɗi.

Akwai madubi, wato ka kwafo rumbun Debian gaba ɗayansa zuwa faifanka da debmirror ko apt-mirror. Debian 13 tana da ƙunshi kusan dubu 70. Imej ɗin makaranta ba zai taɓa ko kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Mutumin da yake kukan data bai kamata ya fara ta nan ba.

Akwai mai tarawa, shi ne apt-cacher-ng. Ka ɗora shi a tsohuwar desktof ɗin nan, yana saurare a ƙofa ta 3142. Duk ƙunshin da wata na'ura ta nema ta hanyarsa, karon farko zai je waje ya ɗauko, ya miƙa mata, ya ajiye kwafi. Karo na biyu da na arba'in daga faifansa zai bayar. Kamar dai mai shagon unguwa ne da ba ya saro kasuwar Mile 12 gaba ɗaya, sai abin da aka tambaya, amma duk abin da aka tambaya sau ɗaya gobe za a same shi a kanta. A live-build sai ka nuna masa hanya:

lb config --distribution trixie --archive-areas "main contrib non-free non-free-firmware" --mirror-bootstrap http://192.168.1.10:3142/deb.debian.org/debian

Ka sa adireshin desktof ɗinka a madadin wannan. Kada ka manta da non-free-firmware, sashen da aka ware tun Debian 12, domin nan ne 'yan manhajojin da katin wayfai da na sauti ke buƙata suke. In ka bar shi za ka ga laftof ta tashi lafiya amma ba ta ganin wayfai. Sannan ka lura adireshin http ne. Abin da ya bi ta https a rufe yake, mai tarawa ba ya iya ajiye shi, sai dai ya wuce ta kansa.

Na uku shi ne rumbunka na kanka, na kayan da babu su a Debian: direban firinta da kamfani ya bayar a fayil ɗin deb, wato sigar ƙunshin Debian, ko wani ƙunshi da kai ka haɗa. Wannan da reprepro ko aptly ake yi, kuma ƙarami ne ƙwarai. Shawarata: na biyu da na uku, ka bar na farko.

Alhajin Apapa:
Injiniya, ban yarda da ka bar na farko ba. Ni tun muna karɓar Linux a faifan CD nake wannan sana'a a Ikko. Kun manta 14 ga Maris 2024? Ranar da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen gaɓar Kwaddibuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE duka lokaci guda. Manhajojin banki ma sai da suka yi ta tangal-tangal. A makon nan ina da na'urori 12 da na yi alkawarin miƙawa wani ofishi, kuma na miƙa su a kan lokaci, don komai yana faifaina. Mai tarawan nan naka abin da ya taɓa gani kawai ya sani. Ranar da ka buƙaci ƙunshi ɗaya tak da ba ka taɓa nema ba, intanet kuma babu, shi ke nan ka tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Injiniyan Yaba:
Allah ya ja da ran Alhaji, ban musa maka ba. Amma dubi wanda ke tambaya. Kai kana da layin ofis mara iyaka da inbata. Shi yaron nan data yake saya a waya, tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 a kan farashi a farkon 2025 kuma kowa ya san yadda ake ji. Madubi ba saukewar farko ce kawai ba, ciyar da shi ake yi kullum. Wanda bai iya ciyar da shi ba, bayan wata shida yana zaune da tsohon kaya yana zaton yana da rumbu.

Alhajin Apapa:
Wa ya ce sai ya sauke da kansa? Wannan shi ne abin da ke damuna da yaran yanzu, kowa shi kaɗai a ɗakinsa da datarsa. Ɗana, ciro faifan nan naka ka kawo mini Apapa. Ina da trixie na amd64, wato na kwamfutoci irin naka masu 64-bit, ba lambar tushe, an sabunta shi shekaranjiya. Mu kwafa da rsync, zai zauna a terabait ɗinka har da saura mai yawa. Ka zo da sassafe kafin tireloli su toshe hanya. In ka koma ka ɗora nginx, manhajar da ke raba fayiloli ta netwok, a kan foldan, ka nuna wa live-build shi. Babban sashen Debian mai tabbaci ba ya motsi sai an yi ƙaramin fitarwa bayan wata biyu ko makamancin haka, ka ga zuwa ɗaya ya ishe ka wannan aikin.

Ɗan Otigba:
Baba Alhaji, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara arziki. Gobe in sha Allahu bayan asuba zan kamo hanya.

Injiniyan Yaba:
In haka ne na janye rabin maganata. Ka karɓi na Alhaji. Amma sashen tsaro, security.debian.org, kada ka dogara da kwafi. Takardar bayaninsa tana ɗauke da wa'adi na kamar mako guda, in ya wuce apt, mai girka manhajoji a Debian, zai ƙi karɓa, kuma da gangan aka yi haka don kada wani ya riƙe ka a kan tsohon kaya mai rami. Shi ka bar shi ya bi ta mai tarawa, ba shi da nauyi.

Ɗalibi a Akoka:
Malamai ku yi haƙuri in sa baki. Game da rumbu na uku, ni akwai hanyar da nake bi mai sauƙi. Na tara duk fayilolin deb a folda ɗaya, na buga dpkg-scanpackages ya fitar mini da Packages.gz, sai a sources.list, fayil ɗin da ke gaya wa apt inda zai ɗebo kaya, na rubuta trusted=yes. Minti biyar an gama, ba GPG ba makulli. Ko a hostel haka muke rabawa junanmu.

Injiniyan Yaba:
Yana aiki, ban ce ba ya yi ba. A na'urarka ta gwaji ka yi ta yi. Amma a na'urar 'ya'yan mutane, a'a, kuma zan tsaya a nan in yi bayani don wannan ya fi duk abin da muka tattauna muhimmanci.

Ka yi karatun hadisi ko kaɗan? To apt da isnadi yake aiki. Shi fayil ɗin deb ɗaya-ɗaya ba shi ake dubawa da sa hannu ba. Akwai takarda guda a saman rumbu mai suna InRelease, ita ce Debian ke sa wa hatimi da makullinta. A cikinta an rubuta lambar SHA256, wato lambar shaida da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil, ta kowane jerin Packages. A cikin Packages kuma an rubuta lambar SHA256 ta kowane ƙunshi. Wane daga wane daga wane, har a kai ga hatimi. In aka canza harafi ɗaya a ko'ina, sarƙar ta tsinke, apt ya ƙi. Wannan ne ya sa ƙanenmu zai iya zuwa Apapa ya kwafo daga faifan Alhaji, ko daga faifan wanda bai taɓa gani ba, hankalinsa kwance. Ba faifan ya amince wa ba, hatimin Debian ne ke biye da kayan duk inda suka je.

Shi trusted=yes ma'anarsa a daina tambayar isnadi. Kuma ka sani, kowane ƙunshi yana iya ɗauke da 'yan umarni da ake gudanarwa da cikakken iko lokacin girkawa. Duk wanda ya samu ya ajiye fayil a foldan nan, ko ya jona wata na'ura ya ɗauki adireshin sabar, ya mallaki laftof 40 ke nan. A kasuwa irin tamu, inda filashi ɗaya ke zaga shago goma a yini, wannan ba tatsuniya ba ce.

Ɗalibi a Akoka:
Amma Malam, netwok ɗin cikin gida ne fa, ba a intanet yake ba. Wa zai damu da makarantar yara a Agege?

Injiniyan Yaba:
Ba sai wani ya damu da ita ba. Yaro ɗaya mai ƙiriniya a aji ya isa, kuma a kowace makaranta akwai shi. Sannan aikin bai kai yadda kake tsoro ba. Ka ƙirƙiri makulli da gpg sau ɗaya. A reprepro akwai fayil ɗaya, conf/distributions, ka rubuta Codename da Components da Architectures, ka ƙara layin SignWith da lambar makullinka. Daga nan reprepro includedeb trixie da sunan fayil, shi zai jera ya sa hatimi. Ɓangaren makullin na jama'a ka ajiye shi a /etc/apt/keyrings cikin imej, ka ɗaure shi da rumbunka kaɗai ta signed-by. Kada ka bi tsofaffin bayanai masu cewa apt-key add, an yi watsi da shi saboda yana ba makulli ɗaya ikon sa hannu a madadin kowa. Minti goma sha biyar ne a madadin biyar.

Bazazzagi a Ikeja:
In ƙunshin nasa biyu ne ko uku, ai yana iya jefa su a config/packages.chroot kawai, live-build ya girka su yayin gini.

Injiniyan Yaba:
Haka ne, don gini ya wadatar. Sai dai ranar da ya so ya sabunta direban firinta a na'ura 40, zai bi su ɗaya-ɗaya da filashi. Da rumbu kuwa sau ɗaya zai saka.

Malamar Idi-Araba:
Sannunku da ƙoƙari. Na karanta duka, kuma duk maganarku a shago ta tsaya. Ni nake zama da irin waɗannan na'urori bayan kun sallame su, don haka bari in faɗi abin da na gani.

Makarantar da nake koyarwa an taɓa kawo mana kwamfuta 20 da wani mai gyara ya shirya. Aiki mai kyau a ido. Sai da na fi shekara ina amfani da su, ranar da na so in ƙara wa yara manhajar koyon buga rubutu, na buga apt update, sai ga jan rubutu ya cika allo. Na buɗe sources.list, abin da ke ciki adireshi ɗaya ne mai farawa da 192.168, wato sabar da ke shagonsa. Tun ranar da suka bar hannunsa ba su taɓa samun sabuntawa ko ɗaya ba. Yara suna shiga intanet da burauzar da ta shekara ba a taɓa ta ba, malamai suna shiga asusun bankinsu a kai. Mutumin ba mugu ba ne, mantawa ya yi. Da na kira shi ma ya riga ya tashi daga shagon.

Don haka ƙanena, rumbun da ka yi gini da shi daban, rumbun da na'ura za ta rayu da shi daban. A live-build akwai --mirror-binary da --mirror-binary-security, su ne abin da ake rubutawa a cikin imej. Ka bar su a kan deb.debian.org da security.debian.org. Kuma kada ka yarda da abin da ka rubuta a saiti. Ka girka a laftof ɗaya, ka cire ta daga netwok ɗin shago, ka jona ta da wayarka, ka buɗe /etc/apt da idonka ka duba har cikin apt.conf.d ko an bar adireshin mai tarawa. Gani ya kori ji.

Ɗan Otigba:
Malama, wallahi da ba ki faɗa ba da na faɗa wannan ramin. To amma in kowace ta riƙa zuwa waje da kanta, datar Hajiya ce za ta ƙone kamar yadda tawa ta ƙone.

Malamar Idi-Araba:
Shi ya sa za ka gaya mata ta ware na'ura ɗaya a ɗakin kwamfuta ta zama mai tarawa a can. A laftof ɗin ka sa auto-apt-proxy, yana leƙawa ya ga ko akwai mai tarawa a kusa, in akwai ya bi ta kansa, in babu ya tafi kai tsaye. Ka ƙara unattended-upgrades don gyaran tsaro ya riƙa shiga ba sai an tuna ba. Malamin da ya tafi da laftof gida ma ba a bar shi a baya ba.

Sai abu na biyu, wanda kullum ake mantawa. Yaran nan Hausawa ne, a Legas aka haifi yawancinsu, da yawa suna jin Hausa amma ba su taɓa rubuta ta da ƙa'ida ba. Ka sa musu allon rubutu na Hausa tun a cikin imej. Yana nan a Linux, tsarin ng nau'in hausa, ka rubuta shi a /etc/default/keyboard tare da na Turanci su riƙa sauyawa. Ka kunna ha_NG a cikin harsuna. Ka sa fonts-sil-andika, an yi shi ne don masu koyon karatu kuma ɓ da ɗ da ƙ suna fita sarai. In makarantar tana da sashen Islamiyya, akwai fonts-sil-alkalami, wanda aka zana a kan salon rubutun ajami na Kano, da fonts-sil-harmattan. Ranar da na nuna wa wani malamin allo rubutunsa a kan allon kwamfuta da irin hannun da ya saba, sai da ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Dukansu 'yan megabait ne.

Alhajin Apapa:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Shekara nawa ina wannan aiki ban san da Alkalami ba. Na duba yanzu, yana cikin madubina.

Ɗalibi a Akoka:
Me ya sa ba Ubuntu 24.04 ba? Ta fi saukin sha'ani ga sababbi.

Injiniyan Yaba:
Ubuntu ba ta da laifi, amma tun 22.04 Firefox ɗinta ta snap take zuwa, wata hanyar girka manhaja daban, shi kuma snap ba ya bi ta apt, don haka madubi da mai tarawa duka ba su kama shi. A Debian firefox-esr ƙunshin deb ne kamar kowa. Ga mai lissafin data wannan kaɗai ya isa dalili. Irin wannan tarkon akwai shi a Debian ma: ttf-mscorefonts-installer da firmware-b43-installer ba kayan ne a cikinsu ba, lokacin girkawa suke fita intanet su ɗauko. In babu layi gini zai tsaya a kansu. A madadin na farko ka sa fonts-liberation da fonts-crosextra-carlito, faɗin haruffansu daidai yake da Arial da Times New Roman da Calibri, takardun Word ba za su wargaje ba.

Ɗan Otigba:
Salam, na dawo. Na je Apapa, Baba Alhaji ya karɓe ni hannu bibbiyu har da karin kumallo, Allah ya biya shi. Na mayar da faifan, nginx yana aiki, ina ganin foldojin dists da pool a burauza. Amma abu biyu sun tare ni. Da farko apt ya ce Release file is not valid yet. Da na sake gwadawa a wata na'ura ya wuce nan, sai can tsakiyar gini ya tsaya a kan wani ƙunshin LibreOffice ya ce Hash Sum mismatch.

Bazazzagi a Ikeja:
Na farko agogo ne. Buga date ka gani. Tsohuwar desktof ce, batirin madabod ya mutu, tana zaton muna shekarun baya, sai take ganin takardar daga gaba ta zo. Sayi CR2032 a bakin layinku ka canza. Kuma ka duba laftof ɗin Hajiya duka, 'yan tokumbo da yawa haka suke zuwa, nasu galibi mai 'yar waya ne a naɗe.

Ɗan Otigba:
Kai, gaskiyarka Yaya. Shekarar ma ba daidai ba ce. Na duba laftof goma, uku haka suke.

Alhajin Apapa:
Na biyun kuma ina jin na san shi. Ka tuna an ɗauke wuta muna cikin kwafa, kafin inbata ta karɓa faifanka ya katse? Mun ci gaba, amma wataƙila fayil ɗaya ya shiga a gurgunce. Ba sai ka dawo ba. Goge wannan fayil ɗin daga pool, ka gudanar da debmirror da irin saitin da na rubuta maka a takarda, zai ga abin da ya ɓace ya sauko da shi tare da ɗan abin da ya canza.

Injiniyan Yaba:
Ɗalibi, kana nan? Dubi wannan da kyau. Apt ya kama gurɓataccen fayil ne saboda lambarsa ta saɓa wa wadda Debian ta rubuta. Da a ce an tara fayilolin an bi su da dpkg-scanpackages, shi abin da ya tarar yake lissafawa, sai ya ba gurgun fayil ɗin lamba kamar lafiyayye.

Ɗalibi a Akoka:
Na gani Malam. Daren jiya na gwada reprepro, ya yi. Inda na tsaya shi ne, ina ake ajiye makullin sirrin? A kan sabar?

Injiniyan Yaba:
In da hali, a'a. Ka sa masa kalmar sirri, ka sa hannu a laftof ɗinka, ka tura abin da aka riga aka hatimce zuwa sabar. Ka ajiye kwafi a filashi da ba ya yawo. Kuma ƙanena na Otigba, wannan ta shafe ka: makullin rumbun makaranta amanar makaranta ce. Ka ba Hajiya kwafi a ambulan tare da takarda mai bayanin yadda aka gina imej ɗin, da foldan config gaba ɗaya. Wanda zai zo bayanka ya samu inda zai kama.

Malamar Idi-Araba:
Ka haɗa da jerin ƙunshin da ka zaɓa. In ka yi ƙunshi guda da equivs wanda ba komai a cikinsa sai sunayen abin da makaranta ke buƙata, ka sa a rumbunka, to gobe in ka ƙara suna ɗaya a jerin, duka na'urorin za su janyo shi a babban sabuntawa na gaba.

Ɗan Otigba:
Alhamdu lillahi, jama'a imej ya fito. Gini na farko daga madubin Baba Alhaji ko rabin awa bai kai ba, na sake sau biyu don gyara allon Hausa, data kuwa sai ɗan abin da sashen tsaro ya ja. Na girka a laftof shida, ƙira uku daban-daban, wayfai da sauti duk sun tashi. Na yi gwajin Malama: na fita da ɗaya har bakin titi, na jona ta da wayata, apt update ya tafi deb.debian.org lafiya lau. Na buga ƙ da ɗ da ɓ a LibreOffice sun fito. Na sayo batiri 15, zan bi sauran gobe.

Abin da ya rage, Hajiya ta yarda da na'urar tarawa a makaranta amma ɗakin ba shi da wuta tsayayya. Ina tunanin in ɗauki ɗaya daga cikin laftof 40 ɗin in mai da ita sabar, tunda tana da batirinta.

Injiniyan Yaba:
Yi hakan. Zaɓi mai faifan 500 da batiri mafi lafiya, ka jona ta da waya ba wayfai ba, ka ba ta adireshi tsayayye a rawuta. A /etc/systemd/logind.conf ka sa HandleLidSwitch=ignore don kada ta yi barci in an rufe murfin. Ka ɗora chrony a kanta sauran su riƙa daidaita agogo da ita.

Malamar Idi-Araba:
Ka manna mata takarda da babban rubutu cewa ba ta aji ba ce, in ba haka ba ranar da laftof ɗin wani yaro ta ƙi tashi ita za a zare a ba shi. Ranar da za ka kai su Agege ka sanar da ni, ina da aji har ƙarfe biyu, bayan nan zan iya zuwa in zauna da malamin kwamfutarsu in nuna masa yadda ake duba shafin rahoton mai tarawa.

Ɗan Otigba:
Asabar in sha Allahu, Malama, bayan azahar. Zan taho da filashi biyu da suwic ɗina, na makarantar ƙofa takwas ne kawai.